Layi Biyar a Kan Bangon da Gishiri Ya Ci

Duk wanda ya girma a Tirtosono ya san ba a kawo wa Kang Darmuji yashi sai ya ɗanɗana. Zai ɗebi kaɗan ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar biki, sannan ya tofar. In ya ce "gishiri," magana ta ƙare, ko daga ina ka ɗauko yashin ba zai taɓa shi da cokalin gininsa ba. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Nakan ce, "Kang, yashin da ka ci a duniyar nan ai ya isa a gina masallaci." Shi kuma ya ce, "Ke ma Rah, da kina ɗanɗana kifinki kafin ki sayar mana, da cikinmu ya huta."

Ni ce Rah ɗin, Ponirah, mai suyar kifi da dafa gahawa a bakin gadar gora. Ƙofata na kallon tasu, in matarsa Yu Lasminah ta yi tari ina jin ta daga gaban kasko. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Mu a nan Kang ake ce wa yaya namiji, Yu yaya mace, Lik kuwa kawu.

Lokacin da muke 'yan mata, daga ƙofar gida shinkafa ce kore shar har inda ido ya tsaya, teku kuwa sai an hau keke ake zuwa ganinsa. A zamanin ne Kang Darmuji ya dawo daga koyon gini a birnin Semarang, ɗan siriri, cokalin gini soke a bayan wando, ya shiga cire wa mutane bangon tabarmar gora yana ɗora musu jan bulo. Rabin gidajen garin nan hannunsa ne. Kuma shi ba ya rowar sana'a. Yana aiki yana wa'azi, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba, har ni da ban taɓa ɗora bulo a kan bulo ba na haddace. Ka ƙwanƙwasa bulo, in ya yi ƙara kamar kwano to ya gasu, in ya yi "dum" bar wa kaji su hau. Ka jiƙa shi a ruwan daɗi har ya daina kumfa, don busasshen bulo ɓarawo ne, shanye ruwan kwaɓi yake ya bar ka da gari. Siminti kwano ɗaya, yashi huɗu. Kada ka kwaɓa abin da ya fi ƙarfin hannunka, domin kwaɓin da ya fara daskarewa, ƙara masa ruwa yaudarar kai ne. Sai wadda ya fi maimaitawa har ta ishe mu: in bulo ya karkace ka gyara shi tun kwaɓin yana ɗanye, in ya bushe a haka, haka zai zauna har ranar da za a rushe.

Yu Lasminah ita ce mace mafi tsawo da aka taɓa yi a garin nan. In mata sun yi sahu a masallaci, kanta ake fara hangowa. Shi kuwa iyakarsa kafaɗarta, har ake zolayarsa wai in zai yi mata raɗa sai ya taka bulo biyu. Bai damu ba. A gidan mahaifinta kullum goshinta a kumbure saboda dukan ƙofa, don haka da zai aure ta sai ya gina mata gida mai rufi sama da na kowa, da gungumen itacen jati a tsakiya wanda sai da ƙarti suka yi nishi kafin ya hau. Ya ce matarsa ba za ta ƙara sunkuya wa ƙofa ba.

Sai rob, wato ambaliyar teku, ya fara zuwa. Da farko ruwan tekun kan hawo ne sa'i-sa'i, ya leƙa gona ya koma, yara suna murna suna kama kaguwa a hanya. Daga baya ya kashe shinkafa, muka mai da gonakin tafkunan kifi. Ya cinye tafkunan. Ya ci filin ƙwallo, ya ci titi, ya shiga maƙabarta. Wasu su ce ƙasa ce ke nutsewa, wasu su ce teku ne ke ƙaruwa. Oho dai! Ni abin da na sani, na tashi wata safiya na tarar da takalmana suna iyo a gaban murhu.

Daga nan Kang Darmuji ya tashi daga magini ya koma mai ciko. Ba wanda ke gina sabon gida, kowa daɓensa yake so a ɗaga. Zai zagaye ɗakin da bulo ta ciki, a zuba ɓaraguzai da ƙasa, a daddage, a zuba kankare. Shekara biyu uku ka huta, ruwa ya sake kamo ka, a sake kiransa. Ciko yana da sauƙi, ɗaga rufi kuwa ba aikin talaka ba ne, don haka daɓe yake ta hawa, rufi yana nan inda yake. Taga ta dawo daidai gwiwa. Ƙofa ta zama ta akurki. Na daina ƙirga sau nawa aka cike nawa ɗakin, na dai san ƙusar da nake rataye tukunya da ɗage yanzu ita ke kama mini zane. Muka zama gari guda na masu tafiya a duƙe a cikin gidajensu.

Akwai waɗanda suka nemi ya ƙara musu tsawon bango su ɗaga rufi. Ya ƙi ƙememe. Ina zaune Lik Sukir mai kwalekwale ya same shi a rumfata da maganar.

"Kang, layi biyar kawai. Na gaji da gwara kai, matata ta fara cewa ƙwaƙwalwata ta taɓu."

"Wannan ai ba laifin rufi ba ne," in ji Kang Darmuji. Ya tashi, muka bi shi, ya je gindin bangon Lik Sukir ya karta da farce. Jan gari ya zubo kamar barkono. "Ka gani? Gishiri ya hau shi tun daga tushe. Sama lafiya, ƙasa gawa. Bangon da ke ba da gari ba a ɗora masa kaya. Ba a ma yi masa filasta, don in ka shafe shi gishirin ka kulle a ciki, ya ci abinsa a ɓoye. Ka ɗora layi biyar a nan, wata rana a kanka za su sauka."

"To ya zan yi?"

"Ka ci gaba da sunkuyawa. Wuya dai ba ya karyewa don ladabi."

Lik Sukir ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Amma kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Gidan Yu Lasminah da yake mai tsawo ne, shi ya fi jimawa. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Aka yi ta ciko har gungumen jatin nan ya sauko daidai haɓar mijin, to ina ga ita. Ga shi kuma wata rana da ruwa ya cika, ƙafarta ta zame a kan gadar gora ta faɗa, aka tsamo ta da ƙyar ta sha ruwa ta ƙoshi. Tun daga ranar tsoron gadar ya shige ta, ta daina fita ko masallaci. Tana ciki tsugune a gaban daro tana ɓare jatan lande da masu saye ke kawo mata, safe da yamma, shekara da shekaru. 'Yarsu Wiwik da ke aiki a masaƙa a Semarang ta yi magiya su koma wurinta har ta gaji. Yu Lasminah ta ce cibiyar 'ya'yanta a gindin ƙofar nan take binne, ko da ciko ya danne ta, ita ba inda za ta.

Wata la'asar na shiga kai mata kifi, na tarar ta idar da salla a zaune. Na ce, "Yu, mu ai mun huta, garin nan a ruku'u muke kwana muke tashi, ladan ma ya yi mana yawa."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "Rah, ban roƙi Allah ya mai do da gona ba, na san ta tafi. Abu ɗaya nake kewa. In tsaya a ɗakina sosai, in ɗaga hannu in yi kabbara ba tare da na daki rufi ba. Ko sau ɗaya ne kafin a ɗauke ni."

Kang Darmuji na bakin ƙofa yana wanke cokalinsa. Na ga hannunsa ya tsaya a cikin bokiti.

Ba a yi mako ba na ga ya ari kwalekwalen Lik Sukir, ya nufi unguwar gabas inda kowa ya tashi, gidaje na tsaye a cikin ruwa ba kowa. Ya dawo da bulo. Mu a nan ba a taɓa gidan wanda ya tashi sai an nemi izininsa, don haka sai da ya bi masu gidajen ɗaya bayan ɗaya ta waya, har wanda ya koma can tsibirin Kalimantan. In ya isa gidan yakan yi sallama a ƙofa tukuna, ko da kaguwa ce kaɗai za ta ji, sannan ya hau ya ciro layukan can sama, waɗanda gishiri bai kai ba. Da yawa shi ya ɗora su da hannunsa yana saurayi. Yakan zauna a dandamalin gora na ƙofar gidansa yana kankare musu tsohon kwaɓi, yana ƙwanƙwasa kowanne a kunne, mai ƙara ya ajiye dama, marar ƙara ya jefa a ruwa. In ya yi wa wani ciko sai ya ce a ba shi buhun siminti ko rodi a madadin lada. Baƙin yashin dutse da ake kawowa daga kudu, buhu-buhu ya riƙa shigo da shi, ya ɗora a kan katako ya lulluɓe da leda kamar shinkafar sayarwa. Ya jera durom uku a ƙarƙashin indararo yana tara ruwan sama, don rijiyoyinmu duk sun yi gishiri.

Rannan ruwan saye bai zo ba, na ɗauki bokiti na nufi durom ɗinsa. Wallahi kamar na taɓa masa ido.

"Ajiye, Rah! Na bulo ne."

"Bulo ya fi mutum ne? Kai dai wannan tsufa bai zo maka da kyau ba."

"Mutum ya sha mai gishiri-gishiri ya kwana lafiya. Kwaɓi in ya sha, ya mutu."

Raina ya ɓaci. Da ma na daɗe da gane abin da yake shirin yi, ina ta cin abin a raina. Na koma na ɗauko matsamin suyata, na zo gindin bangonsa na karta a gabansa. Gari ya zubo ja wur, har da wani ɓallin bulo ya biyo baya ya faɗa ruwa.

Na ce, "To malam mai wa'azi, ashe wanzami ba ya son jarfa. Abin da ka hana Lik Sukir shi za ka yi? Ka rantse mini wannan bangon zai ɗauka."

Ya dubi garin, ya dube ni, ya rage murya don kada ta ji daga ciki. "Ba zan rantse ba. Na fi ki sanin bangon nan, ni na haife shi."

"Garin gyaran gira za ka rasa ido. Yanzu ko a duƙe ne kuna da wurin kwana. In ya faɗi fa? Ina za ka kai ta?"

"Zan zuba ginshiƙi a kowace kusurwa, in ɗaure kan tsohon bangon da rodi da kankare kafin in ɗora. Zai rage."

"Zai rage, ba zai hana ba."

"Ba zai hana ba," ya ce. "Ba don jikoki nake yi ba, Rah. Na ce mata ba za ta sake sunkuya wa ƙofa ba, ga shi ni da hannuna na yi ta cika ƙasa a ƙarƙashinta har na naɗe ta kamar tabarma. Ki bar ni in ga ta tsaya."

Na ɗauki bokitina wayam na koma, ina zaginsa a zuci, ina kuma share hawaye da gefen zane. Takaici biyu ya haɗe mini, na san ganganci ne, na kuma san ba mai hana shi.

Damina biyu ya yi yana wannan tari. Kuma ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba. Yana kankare bulo yana 'yar waƙa, yana leƙa ciki yana kiranta Bune, wato uwar yara, yana cewa, "Bune, saura kaɗan, ki fara gyara wuya." Ita kuma da ke kiransa Pakne, uban yara, daga ciki ta ce, "To, Pakne." Iyakar abin da take cewa ke nan. Ni na ɗauka kunya ce irin ta tsofaffi.

Da rani ya kama, iska ta kwanta, ya kira gayya. A da in an kira gayyar rufi a Tirtosono sai an rasa wurin tsayawa. Wannan karon tsofaffi ne suka zo, da masu ciwon baya, da liman, da Lik Sukir da ya zo yana ƙunƙuni wai shi dai ya zo ganin ikon Allah. Aka kawo Yu Lasminah gidana a zaune cikin kwalekwale, ta shige ɗakina wanda ya fi nata gajarta. Aka sauke tayil ɗin rufi hannu da hannu, aka sauke katakai, aka kwantar da gungumen jati a kan dandamali. Ni da mata biyu muna ta dafa shinkafa da miyar kwakwa da soyayyen tempe, wainar waken soya.

Ginin kuwa bai bar kowa ya sa hannu ba. Ya kankare kan tsohon bangon har ya kai ga bulo mai ƙarfi, ya wanke shi da ruwan sama, ya zuba ɗaurin kankare, ya bar shi ya kwana biyu a ƙarƙashin jiƙaƙƙun buhuna. Sannan ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ya fara jerawa, kowane bulo ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, kauri ɗan yatsa tsakani, ya ɗan buga da gindin cokali, ya kwashe abin da ya tsattsafo. Ba wa'azi wannan karon, bakinsa gum. Safe da yamma yana yayyafa wa bangon ruwa don kada rana ta busar da shi da gaggawa ya tsage. Ya fasa saman ƙofar ya ɗaga ta. Sabon ginin, layi biyar, ya fito ja, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare, a kan tsohon da ya yi fari-fari da gishiri. Kyau dai ya yi kyau. Ni kuwa duk sanda na kalle shi gabana faɗuwa yake.

Ranar ɗaga gungume aka yi yadda aka saba. Aka naɗa masa ƙyalle ja da fari, aka rataya kwakwa da rake da nonon ayaba da damin shinkafa. Shinkafar ma sai da aka aika can cikin tudu aka nemo, mu da muke noma ta a bakin ƙofa. Liman ya yi addu'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to hannuwan da suka rage mana duk masu rawa ne. Aka ɗaura igiya, na sama suna ja, na ƙasa suna turawa da gora, Lik Sukir yana ihu, "Ku ɗaga mana, ko ba ku ci shinkafar Rah ba ne? Ko ita ce ta kashe muku jiki?" Gungumen ya hau da ƙyar. Da ya zauna a kan sabon bango sai muka ji wani ɗan sauti daga ƙasa, ƙas, kamar an taka ɓawon kaguwa. Kang Darmuji ya sa tafin hannu a jikin bangon ya tsaya, ya jima a haka. Sannan ya ce, "A kawo katakai."

Bangon ya ɗauka. Aka mai da rufi, aka share, aka shimfiɗa tabarma. Na shiga ɗakin na miƙe tsaye, na ɗaga hannu sama ban taɓa komai ba, wallahi sai da jiri ya ɗebe ni. Na manta yadda ɗaki yake. Lik Sukir ya shigo yana tsalle kamar yaro, yana cewa, "Kang, ka cuce ni! Ashe ana iyawa!"

Bayan azahar aka dawo da ita. Wiwik ta aiko da sabon farin lulluɓin salla mai aiki a baki, ni na sa mata shi a gidana. Lik Sukir ya tuƙo ta har bakin dandamali, muka kama ta ta fito, a duƙe kamar kullum, tana kallon ƙafafunta. Mata sun cika ƙofa, maza na baya. Kang Darmuji ya yi wanka ya sa hula, yana tsaye a tsakiyar ɗakin, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ta shiga ta sabuwar ƙofar a duƙe. Ta kai tsakiyar tabarma a duƙe.

Ya ce, "Bune, an gama sunkuyo. Miƙe."

Wata daga baya ta yi dariya ta ce, "Sabo ne, Yu! Ɗago, ba abin da zai buge ki."

Ta dafa gwiwoyinta, ta yunƙura. Na ga wuyanta ya ɗago, na ga jijiyoyin sun tashi, amma bayan bai motsa ba. Ta sake yunƙurawa har numfashinta ya fito da ƙara. Ya matso da sauri, ya sa hannu ɗaya a ƙirjinta ɗaya a gadon baya, a hankali, yadda yake daidaita bulo. Ta yi wata 'yar ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ya cire hannunsa kamar ya taɓa wuta.

"Bari, Pakne," ta ce. "Ba zai miƙe ba."

"Gajiya ce. A shafa miki mai, gobe..."

"Ba gajiya ba ce. Tun daminar bara na sani. Ranar da ka tafi unguwar gabas na fito dandamali ni kaɗai, na ce bari in gwada. Na gwada har na faɗi." Ta juyo da kai gefe, don ta haka kaɗai take iya ganin fuskarsa. "Na yi niyyar faɗa maka. Sai in ji ka a waje kana kankare bulo kana waƙa. Rabon da in ji ka kana waƙa tun muna da gona. Na kasa."

Matan ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni na tsaya kamar an dasa ni, ina jin haushin kaina, ina jin haushin teku, ina jin haushin duk wanda ya taɓa cewa haƙuri maganin zaman duniya ne. Kullum ina ganin matar nan, ban taɓa ganinta a inda za ta iya miƙewa ba, balle in gane.

Ta ce, "Lokacin salla na wucewa." Ta zauna a kan tabarma ta fuskanci alƙibla, ta yi kabbara a zaune, ga sarari fal a saman kanta. Shi kuma ya ɗaga kai ya dubi gungumen da ƙyallensa da ayabarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hular ya fita. Da zai wuce ƙofar nan da ya ɗaga da hannunsa, sai na ga ya sunkuya.

Daga ranar bai sake riƙe cokalin gini ba. Aka zo kiransa ciko ya ce hannunsa na ciwo. Yakan zauna kusa da ita yana taya ta ɓare jatan lande, shi da ko albasa bai iya yankawa ba. Da iskar yamma ta dawo da manyan igiyoyin ruwa, na ga tsaga ta fito a bangonsu na gefen teku, ba a sabon ginin ba, a ƙasa, ta bi mahaɗar bulo tana hawa kamar matakala. Na kira shi na nuna masa.

"Kang, ai kai ka ce tsaga tun tana ƙarama ake buɗe ta, a wanke, a cusa sabon kwaɓi."

Ya sa ɗan yatsa a ciki, ya shige har gaɓa. "Wannan na tsagar da ta tsaya ne. Wannan tafiya take yi."

"To sai ka zuba mata ido?"

"Na ƙara wa gawa kaya, Rah. Me kike so in ce mata?"

Bangon bai kai ƙarshen damina ba. Da hantsi ne, rob ya cika, iska na kaɗawa, Kang Darmuji ya ji ƙarar da shi kaɗai ya san ma'anarta. Ya goyo Yu Lasminah a baya ya fito da ita dandamali, yana ƙwala wa Lik Sukir kira. Suna cikin kwalekwale bangon gefen teku ya durƙusa daga ƙasa, gungumen jati ya biyo shi, tayil suka zube cikin ruwa. Cibiyar 'ya'yan nata da komai, duk suna ƙarƙashi. Da bai taɓa gidan ba, da wataƙila har yau suna ciki a duƙe. Shi ma ya san haka, ba wanda ya buƙaci faɗa masa.

Wiwik ta zo ta tafi da su. Ɗaki ɗaya ne a bene, kusa da masaƙa. An ce Yu Lasminah ba ta magana sosai yanzu, shi kuma yana wuni a bakin taga.

Bana ruwa ya sake kamo daɓena. Bango uku na gidansu suna nan tsaye a gabana, layi biyar ɗin nan na sama ja wur, ko gezau ba su yi ba. Na yi ta kai-kawo, ƙarshe na cire kunya na kira lambar Wiwik na ce ta ba ni babanta. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Shi ya katse ni.

"Bulo kike so."

Na ce, "Kang, ka yafe ni."

"Ɗauki na sama, masu kyau ne, ruwan sama suka sha. Ki yi sallama kafin ki shiga. Ki sake jiƙa su kafin a ɗora, kuma kada ki yarda da yashin da ba ki ɗanɗana ba." Ina jin ƙarar motoci ta bayansa. Sai ya ce, "Rah, kina fita waje kina miƙewa kuwa?"

Na ce ina fita. Ƙarya na yi masa, gadar ta ruɓe, ni ma na fara tsoronta.

Lik Sukir ya ciro mini su, shi ya yi cikon yadda ya iya, a karkace. Su ne a ƙarƙashin ƙafata yanzu da nake suya. Ruwa bai shigo ba tukuna, amma ɗankwalina ya fara gogar rufi ko a duƙe nake.